Ranar da Na Zama Sa

Kwanan nan Auwal ya zo da bokitin fenti zai gyara bangon ɗakin atisaye. Ya tsaya a gaban ƙahon nan da ke rataye kusa da taga, ya ce, "Baba, a sauke wannan tsohon abin ko? Yana ɓata wurin." Auwal yaron kirki ne, yana da takardar koci, yana da usur a wuya, kuma shi zan bar wa yaran idan gwiwoyin nan nawa sun gama juya mini baya. Amma shi ɗin ne na ji yana gaya wa abokinsa wai koyar da ƙananan yara dambe ba wani aiki ba ne, ka ba su igiya su yi tsalle, ka nuna musu buhu, shi ke nan. To, Auwal, da kai da sauran masu usur, ku ajiye fentin tukuna.

Ni ɗan mahauta ne. Kakana daga ƙasar Kano ya zo Gombe da wuƙarsa, a unguwar Madaki aka haife ni, kuma a gidanmu dambe gado ne. Da kaka, idan amfanin gona ya shigo gida, sai a naɗe wa yaro hannu ɗaya da tsumma da igiya, ɗaya hannun a buɗe yana tarewa, a saki kalangu, a shiga. Na yi wannan tun ina ƙarami, na kayar, an kayar da ni, har na fara jin kaina.

Bayan an sami 'yancin kai, da jirgin ƙasa ya iso garin nan, na kama aikin lebura a tasha. A bayan gidajen ma'aikata na fara ganin Oga Pita, wani makanike mutumin kudu, gajere, hancinsa a kwance. Ya rataye buhu a reshen tsamiya yana bugu da hannu biyu, kowane hannu sanye da wani abu kamar matashin kai. Na tsaya ina dariya. Ya yafito ni, ya ba ni safar dambe na saka, ya ce in buge shi duk inda na ga dama. Na kai masa hannun nan nawa na dama da ake tsoro a unguwarmu, na sami iska. Na sake kaiwa, na sake samun iska. Shi kuwa ko buguna bai yi ba, taɓa ni kawai yake yi a kumatu kamar mai tashin yaro daga barci. Da na gaji na zauna a ƙasa, sai ya miƙo mini ruwa, ya ce in dawo gobe.

Aikin farko da ya yi mini shi ne ya ɗaure hannuna na dama a bayana, don na hagu ya san shi ma hannu ne. Na daɗe a haka ina jin haushinsa. A wurinsa na koyi kayan aiki. Buhun gyaɗa biyu ake sa wa, ɗaya cikin ɗaya, a cika da angurya da dusar katako. Yashi zalla yana karya wuyan hannun yaro, kada wanda ya yaudare ku da cewa yana ƙara ƙarfi. Igiyar tsalle ta rama ce. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ne da ake bugawa da ƙusa. Safar dambe kuwa ta mutum biyu ce kacal, idan ta fashe a kai wa baduku ya cusa audugar rimi ya ɗinke, a shafa mata man kaɗe, a rataye ta can sama saboda ɓera.

Lokacin da ƙasa ta rikice, mutanen kudu suka yi ta komawa gida, Oga Pita ya kira ni ya ba ni safar nan a cikin buhu. Ya ce, "Iro, kowa zai iya koya wa yaro duka. Kai ka koya masa ya koma gida da fuskarsa." Ban sake jin labarinsa ba. Har yau idan na ji ƙamshin man kaɗe a jikin fata, shi nake tunawa, kuma raina yana sosuwa.

Yaran farko da na tara a ƙarƙashin tsamiyar nan, yadda aka koya mini na koya musu: gudu, tsalle, buhu, a sake gudu. Sun zo da yawa ranar farko. Kafin wata ya mutu saura biyu, ɗaya ma ɗan yayana ne da ba shi da halin gudu. Na bi sawun sauran, na same su a bayan kasuwa suna langa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle, gumi na zuba, suna ihu. Na tsaya ina kallo. Wahalar da suke sha a langar nan ta fi wadda nake ba su, amma ba wanda ya ce ya gaji. Babban mutum yana iya jure wahala saboda abin da yake hange a gaba. Yaro ba ya hangen komai, yau kawai ya sani.

Sai na kwaso langar na kawo ta gindin tsamiya, don ba abin da ke gyara ƙafar ɗan dambe kamarta. Na ƙara da kama wutsiya: kowa ya soka tsumma a bayan wando, ka cire na abokinka ba tare da an cire naka ba. Yaro bai san yana koyon kewaya abokin karawa ba, shi dai wutsiyarsa yake karewa. Akwai taɓa kafaɗa, ba a dunƙule hannu, wanda aka taɓa ya yi kukan akuya. Na rataye goruba da zare a reshe, a kaɗa ta tana lilo, kowa ya wuce ta ƙarƙashinta ba ta taɓa kansa ba. Na roƙi Ɗanliti, makaɗin mahautan unguwarmu, ya riƙa leƙo mu da kalangu. Ɗan gajeren kiɗa hagu ne, mai ja dama ne, kuma duk wanda ya rikice kalangun da kansa zai yi masa habaici, yara su kwashe da dariya. Babban sirrin kuma, ka sallame su tun suna roƙon a ƙara. Yaron da ya tafi gida a ƙoshe da wasa, gobe ba za ka gan shi ba.

Iyaye su ne abokan cinikinmu, ko da yake ba sayar musu da komai muke yi ba. Wata uwa daga Barunde kullum sai ta turo yayar yaron ta buɗe bakinsa a gabana ta duba haƙora. Wani uba ya kawo ɗansa wai in koya masa yadda zai rama dukan da ɗan maƙwabcinsa ke yi masa. Na aika aka kira mini ɗan maƙwabcin, na haɗa su kama wutsiya, kafin a jima tare suke zuwa, tare suke tafiya, uban yana ta ƙunƙuni. Malaman allo kuma na yi musu alkawarin duk yaron da ya tsallake karatu ba zai taɓa safa ba, kuma kafin kiran magariba fili ya watse.

Da kuɗin mai suka fara shigowa, ofishin wasanni ya ɗauke ni aiki. Na bar ɗaukar kaya a tasha, aka ba ni riga mai rubutu a baya, aka kawo jajayen safar dambe sababbi a kwali, har na rasa inda zan rataye su. A shekarun nan ne kuma ruwa ya ɗauke. Cikin gari ana sayen babura da rediyo, a karkara shanu na faɗuwa. Yara suka fara zuwa mini da ciki ba komai. Ranar da wani ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar tsallen igiya, na rage gudu, na roƙi yayana Garba, wanda ya gaji wuƙar mahaifinmu, ya riƙa aiko mana da ƙasusuwa ana yin romo. A wannan shekarar, tukunyar romon ta fi kwalin safar amfani.

A cikin farin nan Buba ya zo. Bai fi shekara goma sha biyu ba, dogo siriri. Mahaifinsa, Malam Hammadu, makiyayi ne da garkensa ya ƙare saura 'yan ƙalilan, ya sauka da iyalinsa a gefen Kagarawal. Buba yana tallan ruwa a garwa. Ya ajiye garwarsa, ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce yana so a sa shi. A langa ba mai kayar da shi. A kama wutsiya sai da yara suka haɗa kai kafin su cire tasa. Hannunsa dogo ne, yana fita a miƙe ba tare da an koya masa ba. Na ce a raina Allah ya kawo mini yaro. Kuma a filin nan ne kawai yake dariya, don na sha ganinsa a hanya da garwa, fuskarsa kamar ta dattijo.

Ranar da na fara haɗa shi da wani yaro da safa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaron ya kawo hannu, Buba ya sauke nasa, ya tura ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya karɓa. Aka sake kawowa, ya sake karɓa, har da murmushi. Jini ya ɓalle masa a hanci, ko gezau bai yi ba. Na buga ƙarfe na tsayar. Na tambaye shi ko bai ga hannun ba ne, ya ce ya gani. To me ya hana shi kaucewa? Yana kallon ƙasa ya ce a wurinsu namiji ba ya kauce wa duka.

A nan na gane. Yaron nan ya tashi yana kallon shaɗi, inda saurayi ke tsayawa a tsakiyar fage, a zabga masa bulala a ƙirji yana murmushi, idan ya motsa ya ja wa gidansu abin kunya. Abin da nake kira gwaninta, shi a wurinsa ragwanta ce. Ga kuma wata matsalar: idan na sa masa fatar tarewa a hannuna na ce ya buga, ba ya iya ɗaga ido ya dube ni, don an yi masa tarbiyya ba a kallon babba a fuska. Ɗan damben da ba ya kaucewa kuma ba ya kallo, ba ɗan dambe ba ne, buhu ne.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo gorubar nan mai lilo, ya bari tana ƙwala masa a goshi yana tsaye. A ƙarshe na gaya masa gaskiya. Na ce dokata ita ce yaron da ba ya kare fuskarsa ba ya saka safa, idan bai sauya ba zan sallame shi. Ya ce to. Ya ɗauki garwarsa ya tafi, kashegari ya dawo ya zauna yana kallon safar. Abin ya dame ni ƙwarai. In bar shi, wata rana za a illata shi a hannuna. In kore shi, na raba shi da wuri ɗaya da ya rage masa na dariya.

Wata ranar kasuwa na je kara wurin yaya Garba yana cinikin shanu. Ina tsaye sai hayaniya ta tashi, wani jan bijimi mai dogon ƙaho ya tsinke igiya. Mutane suka watse. Na hango Buba a gabansa, ashe bijimin na mahaifinsa ne, an kawo shi a gwada farashi. Bijimin ya sunkuyar da kai ya kawo suka. Buba bai gudu ba. Idonsa a kan dabbar, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya zame gefe, ƙahon ya wuce ta gefen kunnensa. Bijimin ya juyo ta ɗaya ɓangaren, ya sake zamewa, ya shige ta ƙarƙashin wuyansa ya cafke igiyar. Irin kaucewar da Oga Pita ya yi shekaru yana nema a jikina bai samu ba, ga ta a jikin yaron da na kusa kora.

Na same shi yana shafa wuyan dabbar, na ce, "Buba, yanzu ba kaucewa ka yi ba? Ina kunyar?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, wannan ai sa ne."

Da na koma gida na ɗauki ludayi biyu masu dogon hannu daga madafa, na ɗaure su a jikin tsohuwar hula da tsumma, hannuwan suna kallon sama. Da la'asar na isa gindin tsamiya na kifa hular a kaina, na sunkuya, na kankare ƙasa da ƙafa, na yi kukan sa. Yara suka tsaya baki buɗe. Na ce daga yau ba Malam a nan, sa ne ya tsinke, duk wanda ƙaho ya taɓa ya fita. Na afka musu. Filin ya kaure da ihu, Ɗanliti ya saki kiɗan da ake yi wa masu hawan ƙaho. Na bar Buba a ƙarshe. Na nufe shi, ya dube ni sosai a karon farko tun zuwansa, ya zame. Na juyo, ya zame. Na bi shi har numfashina ya ƙare ban taɓa shi ba.

Daga nan a hankali na riƙa tafiya. Na sauko da ludayin daga kai na riƙe a hannu, ɗaya hagu ɗaya dama. Bayan wani lokaci na ajiye ludayi na saka safa, amma sunanta bai sauya ba, ƙaho muke ce mata. Maganar ido kuwa, na ce masa ba sai ya kalli fuskar kowa ba, ya kalli ƙirji, don daga kafaɗa hannu ke tasowa. Wannan har yau haka nake koya wa kowane yaro, mai kunya da marar kunya.

Ba a banza na zama sa ba. Labari ya zaga unguwa cewa Iro ya zare. Mata masu dawowa daga rijiya suna tsayawa su yi dariya har su zubar da ruwa. Yaya Garba ya kira ni ya ce mu gidanmu yanka sa muke yi, ba mu taɓa zama shi ba. Wani jami'i daga ofis ya zo duba aiki ya same ni a sunkuye da ludayi a ka, ya tambaya ina kocin yake. Amma yara suka ninka, har waɗanda suka gudu tun farko suka dawo. Wata rana ina tsakiyar kukan sa na ɗaga kai, sai na hango wani dogon dattijo a can nesa, sanda a kafaɗa, malafa a ka. Ya daɗe yana kallo, bai ƙaraso ba, ya juya ya tafi. Buba ya ce mahaifinsa ne.

Bayan 'yan kwanaki Malam Hammadu ya zo gidana. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa, na ce masa Bappa kamar yadda ake ce wa dattawansu. Ya daɗe yana tambayar iyali da gajiya kafin ya zo kan magana. Ya ce ya ji a bakin mutanensu wai ɗansa yana sunkuya wa yaran gari, wai ana kawo masa hannu yana ɓoye fuska. Ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna mini tabon bulala a ƙirjinsa, layi a kan layi. Ya ce shanu sun tafi, ƙasa ta tafi, abin da ya rage masa ya bar wa yaron shi ne wannan. Ban yi masa gardama ba. Na ce dai an shirya wasa tsakanin yarana da 'yan makarantar kwana, ya zo ya gani da idonsa, in ya ga abin kunya ya tafi da ɗansa, ba zan ce uffan ba. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar wasan aka kafa turaku huɗu a filin makaranta aka ja igiya. Mutane sun taru sosai. Malam Hammadu ya zo, ya ƙi kujera, ya tsaya a bayan kusurwarmu ya dogara da sandarsa. Abokin karawar Buba wani kakkauran yaro ne da ya ci ya ƙoshi. Ina ɗaure wa Buba safa na ga ya ƙura ido bayana. Ya ga mahaifinsa.

Aka buga ƙararrawa. Duk abin da muka yi watanni muna ginawa ya rushe a gabana. Buba ya miƙe kamar sanda, ya sauke hannu, ya tura ƙirji. Yaron ya same shi a kumatu, ya same shi a baki, Buba yana murmushin nan da na tsana. Na yi ta kiran sunansa, ko waiwayowa bai yi ba. Da aka buga hutun farko ya dawo kusurwa leɓensa a fashe. Na goge masa, na ba shi ruwa, na ce masa a kunne idan ya sake tsayawa haka zan jefa tawul, kuma shi ke nan tsakaninsa da safa. Ba ni yake kallo ba, ta saman kafaɗata yake kallo.

Na waiwaya. Malam Hammadu yana nan yadda yake, fuskarsa ba ta nuna komai. Ya dubi leɓen yaron, ya dubi kakkauran yaron can a ɗaya kusurwar. Sai ya jingine sandarsa a jikin turke. Dattijon nan da ko murmushinsa ban taɓa gani ba, a gaban 'yan makaranta da malamansu da mutanen gari, ya ɗaga hannuwansa biyu ya kafa yatsa ɗaya ɗaya a gefen malafarsa, ya ɗan sunkuyar da kai. Ya sauke hannunsa ya ɗauki sandarsa.

Buba ya koma fili wani mutum daban. Yaron ya kawo dama, ya sami iska. Ya kawo hagu, Buba ya shige ta ƙarƙashi ya fito ta gefe ya taɓa shi da dogon hannun nan. Mutane suka fara sowa, Ɗanliti da ba wanda ya gayyace shi ya saki kalangu daga cikin taro. Har aka tashi ba a sake taɓa fuskar Buba ba. Alƙalai suka ba ɗan makaranta wasan, saboda abin da ya tara a zagayen farko, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai ina kwance wa Buba safa idona ya cika da ƙwalla, na ce gumi ne. Malam Hammadu ya matso ya kama haɓar yaron ya juya fuskarsa hagu da dama, yadda makiyaya ke duba ɗan maraƙi, ya ce masa su tafi gida. Kashegari da la'asar Buba ya riga kowa zuwa.

Ruwa bai dawo da wuri ba. Kafin damina ta gaba, dole ta sa Malam Hammadu ya sayar da jan bijimin nan, na ƙarshe a garkensa, kuma yaya Garba ne ya saya. Garba ya gaya mini dattijon bai yi ciniki ba, abu ɗaya kawai ya roƙa, a ajiye masa ƙahon. Bayan wani lokaci sai ga shi a gindin tsamiya da abu a naɗe cikin tsohon zane. Ya kankare ƙahon, ya shafe shi da man shanu har yana ƙyalli, ya kai wa baduku ya ɗinke shi a jikin hular fata, ya naɗe tsinin da tsumma don kada ya ji wa yaro ciwo. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Iro, ludayi na mata ne, ka mayar musu. Tun da ka yarda ka zama sa saboda ɗana, ka zama na kirki. Wannan ni na raine shi."

Buba ya yi dambe shekaru, ya je wasa garuruwa, daga baya ya koma cinikin shanu, kuma ya tsufa da haƙoransa da hancinsa a miƙe. Ƙahon kuwa na ɗaura shi a kaina har wuyana ya daina ɗauka, yaran da suka kauce masa ban san adadinsu ba.

Don haka, Auwal, ka sauke shi, ka yi fentinka, ban hana ka ba. Amma ba ajiye shi za ka yi ba. Akwai yarinyar nan da yaran nan biyu sababbi da ke rufe ido idan an kawo musu hannu, na ga kana ta hura musu usur. Gobe da la'asar ka cire usur ɗin ka ba ni in riƙe maka. Hular tana da igiya a ƙarƙashin haɓa, ka ɗaure ta sosai, don ƙahon yana da nauyi.